Ƙadangaren Bakin Tulu

Akwai wata randa a bayan gidan da muke zaune a nan Danko, a gindin mangwaro, inda muke tara ruwan ban shuka. Tun daga watan Fabrairu har faɗuwar ruwan fari, da wuya hantsi ya yi ba mu tarar da wani jangwada a bakinta ba, ya miƙe ƙafafu yana gyaɗa kai kamar dattijon da aka kawo wa ƙara. Ƙishirwa ce take kawo shi, gama a wannan lokaci duk kududdufan gari sun ƙafe. Kowa ya gan shi sai ya tuna da karin maganar nan ta ƙadangaren bakin tulu: a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Hausawa suna yin ta a kan mutumin da ya zame wa jama'a ƙarfen ƙafa. Mu kuwa yau muna so mu mayar da ita kan ƙadangaren kansa, da sauran halittun da suke zaune tare da mu ba da gayyatarmu ba, mu tambayi kanmu: wane iko ke gare mu a kan ransu, kuma da wane ma'auni muke yanke musu hukunci? Mun san akwai mai cewa wannan ba maganar da ta dace da halin da ƙasarmu take ciki ba ce. Yana da hujja, za mu kuwa zo kanta.

Sai mu fara da abin da ido ya gani, tun da ba a yin shari'a sai da shaida. Shekarar bayan gida tana da tsarinta kamar yadda shekarar Ikilisiya take da nata. A hunturu, bayan an kai amfanin gona rumbu, lokacin da garuruwan ƙasar Zuru suke bikin Uhola, mu kuma muna hidimar Kirsimeti, ciyawa ta bushe ƙurmus, hazo ya rufe duwatsu, mai kallo daga nesa zai ce komai ya mutu. Alhali kuwa a daidai wannan lokaci ne mangwaro yake fid da fure, kaɗanya ma haka, da zarar rana ta ɗan ɗaga sai ka ji gunjin ƙudan zuma a kansu. Can wajen Fabrairu da Maris ɗorawa ta rataye jajayen furanninta masu kama da tuntu. Da rana ƙudan zuma ne baƙinta, da dare kuwa jemagu ne, suna shan ruwan furen suna ratsawa daga itace zuwa itace.

Bazara takan zo daidai da Lokacin Azumi, zafi ya yi tsanani har kaji su riƙa buɗe baki. A nan ne muke ganin wani abin da har yau bai daina ba mu mamaki ba, wato itatuwa da yawa suna fid da sabon ganye tun ɗigon ruwa bai sauka ba, kamar an yi musu alkawari sun kuwa gaskata. Sa'an nan shamuwa ta iso. Daga kudancin Afirka da gabashinta take tasowa, ta zo ta yi sheƙa a cikin gari kusa da mutane, ta ci fara da tsutsa a gonaki, in damina ta ƙare ta koma. Kakanninmu ba su san inda take zuwa ba, amma sun san abin da zuwanta yake nufi, shi ya sa manomi yakan duba fartanyarsa ran da ya gan ta, yaro kuma bai isa ya jefe ta ba.

Daren da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, bayan gida yakan cika da baƙin da ba mu san suna nan ba. Gara mai fiffike ta yi dafifi a jikin fitila, yara su fito da kwanoni, kwaɗi kuma su fito daga ramukan da suka ɓuya duk tsawon rani, su zauna a gindin fitilar suna lashewa. Bushiya takan bi gefen danga tana neman ƙwari. Da damina ta kankama, tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa sukan mamaye dogon yaro, mazansu sun yi ado da ruwan ɗorawa, suna yage ganye suna surutu tun asuba. Cilakowa kuwa matarsa takan shiga kogon itace ta toshe ƙofar da laka, ta bar 'yar kafa, mijin ya yi ta kai mata abinci ta wannan kafa har ta ƙyanƙyashe. Mun sha ba masu shirin aure labarinsa, ba kuwa kullum ne mazan suke jin daɗin labarin ba. Da kaka sai tsattsewa su ƙaru a sama. Wasunsu daga Turai suke, sun ƙetare teku da Hamada don gudun sanyi. Daga nan kuma samari su fara cinna wa daji wuta saboda gafiya, duk abin da ya tsira ya gudo cikin gari, shekara ta sake juyowa.

To, a cikin wannan tsari ne muka yi ɓarnar da ta sa muka ɗauki alkalami. Wata damina mun shuka kabewa a jikin danga, ta yi yaɗo gwanin sha'awa, sai wasu ƙananan ƙwari jajaye suka far wa ganyen suna hudawa. Ran kasuwa muka sayo maganin feshi. Mai sayarwar ya ce yana kashe komai, mu kuma wannan kalma ta "komai" ita ce ta burge mu. Washegari bayan Hadaya ta safe muka goya famfo muka feshe lambun kaf, har muka ƙara awo don a gama da su gaba ɗaya, muka kuma maimaita sau biyu a cikin mako biyu. Ƙwarin sun mutu. Kabewa ta yi ta fure, amma 'ya'yan da suka ƙulla sai su yi rawaya tun suna ƙanana su zube. Wani tsohon katikis da yake zuwa gaishe mu ya tsaya ya dubi yaɗon, ya sunkuya ya tsinci matattun ƙudan zuma biyu a cikin fure ɗaya, ya ce, "Fada, da wane lokaci kuke feshin nan?" Muka ce, "Da safe, Baba." Ya ce, "Ashe kun kashe masu ɗaurin auren."

Gaskiyarsa ce. Kabewa tana da fure namiji da fure mace a jikin yaɗo guda, ana gane macen da ɗan ƙullutun da yake ƙarƙashinta. In ba a kai garin da yake cikin namijin zuwa cikin macen ba, wannan ƙullutu ba ya zama kabewa. Ƙudan zuma ne suke wannan jigila, kuma da safe suke yi, domin furen da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe ke nan har abada. Wato mun zaɓi sa'ar da ma'aikatan suke bakin aiki muka yi musu ruwan guba. Mun yi shekaru a seminari muna karanta falsafa da tauhidi, amma ba mu taɓa tsugunawa minti goma a gaban furen kabewa ba.

Abin da ya fi damunmu daga baya ba asarar miyar taushe ba ce. Damuwar ita ce mun yanke hukuncin kisa a kan jama'ar da ba mu san ko su wane ne ba. Alkalin da ya yi haka a kotu, ko da ya dace mai laifi yana cikin waɗanda ya hukunta, ba wanda zai kira shi mai adalci.

Waliyyi Agustin, Bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi fama da masu cewa Allah nagari ba zai halicci abubuwa marasa amfani da masu cutarwa ba. Misalin da ya ba su shi ne na mutumin da bai san sana'a ba ya shiga ɗakin aikin gwani: ya ga kayan aiki barkatai, waɗanda bai san amfaninsu ba ya ce tarkace ne, wanda ya yanke shi ko ya ƙone shi ya ce mugun abu ne, mai sana'ar kuwa yana yi masa dariya. Abin da ya fi ƙayatar da mu shi ne Agustin da kansa ya amsa cewa bai san dalilin halittar ɓera da kwaɗo da ƙuda ba, amma bai ɗauki rashin saninsa hujjar zargin Mahalicci ba. Duk wanda ya taɓa shiga maƙera yana yaro ya taɓa ƙarfen da ya ga ya yi baƙi yana zaton ya huce, ya fahimci wannan misali.

Mu dubi kayan aikin da muka riga muka jefar. Jemage yana ɓata mana mangwaro, yana da wari, ba shi da kyan gani, bai kuma kamata a riƙa kama shi da hannu ba don yana iya ɗauke da cuta. Amma yana cikin masu yi wa ɗorawa irin aikin da ƙudan zuma suke yi wa kabewa, kuka ma da dare furenta yake buɗewa saboda shi. Mai kore jemagu daga gari gaba ɗaya yana taɓa kalwa, mai taɓa kalwa kuwa ya taɓa daddawa da jarin matan da suke dafa ta. Kaɗanya tana ƙara 'ya'ya inda ƙudan zuma suke da yawa, 'ya'yanta kuma suna nuna a farkon damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kakanninmu da suke barin ɗorawa da kaɗanya a tsaye in suna sharar gona sun san lissafin da mai toya gawayi ya manta.

Ungulu fa? Waɗanda suka yi yarinta a shekarun 1980 da 1990 suna tuna yadda take jeruwa a kan rumfunan mahauta a kowace kasuwa, har ana mata karin magana ana cewa ba ta jewar banza. Yau yaro zai iya kai wa makarantar sakandare bai gan ta ba. Ana kashe ta ana sayar da kanta da ƙafafunta ga masu tsibbu, wasu kuma suna mutuwa da gubar da aka sa wa mushe. A shekara ta 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da suke shirin ƙarewa ta sa irin ungulun da muka saba gani a kasuwanninmu cikin jerin waɗanda suke bakin halaka. Ƙasar Indiya ta riga mu ɗanɗana sakamakon. A shekarun 1990 wani maganin ciwo da ake yi wa shanu allura, mai suna diclofenac, ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu, don suna cin mushen shanun da aka yi wa allurar. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi shi. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, ruwa ya gurɓata, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kimanin 500,000 daga 2000 zuwa 2005. A ƙasar Sin kuwa da gangan aka yi: a 1958 gwamnati ta umarci jama'a su kashe gwara saboda tana cin hatsi, aka kashe miliyoyi, ƙwarin da take ci suka sami sarari a gonaki, a 1960 aka janye umarnin. Babbar yunwar da ta auka wa ƙasar a waɗannan shekaru tana da dalilai da yawa, wannan yana cikinsu.

Sai dai kada mu tsaya a nan, gama akwai tarko a cikin wannan hujja. In dalilin barin jemage shi ne daddawa kaɗai, to ran da aka sami wata hanyar samun kalwa jemage ya shiga uku. Har yanzu cikinmu ne ma'auni, mun dai ƙara wayo ne. Me za mu ce a kan hawainiya? Muna da guda da take zuwa kan ramarmu kowace damina, kamar ta ji ana cewa hawainiyarka ta kiyayi ramata ta zo neman magana. Ba ta da dafi, ko da yake da yawa cikinmu sun tashi da imanin tana da shi. Ramar ma ba ta ci, ƙwari take kamawa da harshe. Amma ko da a ce ba ta kama ƙwaro ko ɗaya, wanda ya zauna ya ga yadda idonta ɗaya yake duban gaba ɗaya yana duban baya, da yadda take ɗaga ƙafa tana jinkiri kamar mai tsoron tada barci, zai ji nauyin ɗaga mata sanda. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar da cewa Allah ya yi halittu iri iri ne domin babu halitta guda da za ta iya nuna alherinsa duka, abin da wannan ta kasa nunawa sai waccan ta cika. Marigayi Paparoma Faransis ya sake jaddada wannan a wasiƙarsa ta 2015 mai suna Laudato Si', inda ya nuna cewa kowace halitta tana da daraja a gaban Mahaliccinta tun kafin a zo maganar amfanin da za ta yi mana. Littafin Farawa ma, a sura ta biyu, aiki biyu ya ce an ba mutum a gonar farko, nomanta da kiyaye ta, aka kuma kawo masa dabbobi ya raɗa musu suna. Ba a raɗa wa abu suna sai an dube shi. Yaranmu da yawa yau sun san sunayen 'yan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya da masu jiran canji, amma duk abin da yake da fiffike sunansa tsuntsu, duk abin da yake ja da ciki sunansa maciji.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Fada ya hana kashe maciji. Akwai kububuwa a ƙasarmu, 'yar ƙarama ce mai launin ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa, tana kuma cikin macizan da suka fi kashe manoma a arewacin Nijeriya, har akwai asibiti a Kaltungo ta Jihar Gombe da ya shahara da jinyar waɗanda ta sara. In an gan ta a tsakar gida inda yara suke wasa, a kashe ta, wanda ta sara kuma a garzaya da shi asibiti, kada a ɓata lokaci wajen tsaga da ɗauri. Sauro ma haka. Nijeriya ce take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, Jihar Kebbi kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani, shi ya sa ita da Bayelsa aka fara ba yara allurar rigakafinsa a Disamba 2024. Babu wanda ya ce a ji tausayin sauro. Ran yaro ɗaya ya fi na dukan macizan dutsen nan, kuma wanda ya kasa bambanta mutum da dabba ya ɓace ta wata hanyar. Muna yanka kaza, muna kuma godiya a kanta.

Bambancin yana ga yadda aka kai ga kisan. Akwai kisan da aka yi bayan an san abin, an san cutarsa, an kuma tsaya a gwargwadon bukata. Akwai kuma wanda tsoro ya yi, ko jahilci, ko lalaci irin namu na ranar feshi, ko kuwa jin daɗi kawai. Wannan na ƙarshe ya fi ba mu tsoro. Yaron da ya harbo kurciya da danƙo ya kai wa uwarsa ta gasa, farauta ya yi. Wanda ya ɗaure ƙadangare da zare yana jan sa a ƙasa har ya mutu, abokansa suna shewa, wani abu yake koya wa zuciyarsa, iyayen da suka gani suka yi dariya kuma sun sa hannu a karatun.

Yanzu sai mu koma ga mai hujjar da muka ambata da farko. Zai ce, "Fada, a watan Yuni na 2021 'yan bindiga sun kashe mutum 88 a ƙauyukan wannan ƙaramar hukuma ta Danko/Wasagu, kamar yadda 'yan sanda suka tabbatar. A Nuwamba 2025 an shiga makarantar 'yan mata ta Maga an kwashe ɗalibai sama da 20. Mutane sun bar gonakinsu na nesa, wasu sun bar garuruwansu, kai kuwa kana ba mu labarin hawainiya?" Ba mu raina wannan magana ba, gama mun binne mutane, mun kuma zauna da matan da aka mayar gwauraye. Amsarmu ta farko mai sauƙi ce: da gonar nesa ta gagara, bayan gida ya zama rabin rumbun iyali da yawa. Zogale da kuɓewa da yakuwa da kabewar da suke jikin danga su ne miyar gidan, wanda ya kashe ƙudan zumansa kuwa ya rage wa 'ya'yansa abinci a lokacin da ba su da wani.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, mujiya ce kuma ta koya mana ita. Mujiya tana cin ɓeraye, ɓeran gida kuwa akwai irin da yake ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, wadda takan yi ƙamari da rani. Tsuntsuwar da take tsaron rumbunmu da dare ke nan. Amma in ta yi kuka a kan rufin gida, aka wayi gari yaro yana zazzaɓi, mun san abin da yake biyowa. A jefe mujiyar, sa'an nan a fara raɗe-raɗin wanda ya aiko ta. Da wuya zargin ya faɗa kan mai ƙarfi ko mai 'ya'ya maza a soja. Tsohuwa yake nema, wadda mijinta ya mutu, wadda ba ta da mai tsaya mata, wadda fuskarta ta yamutse take kuma magana ita kaɗai. A cikin masu wannan raɗa akwai waɗanda suke karɓar Jibi Mai Tsarki ran Lahadi. Hankalin da ya hukunta mujiya saboda idanunta da lokacin fitarta, shi ne ya hukunta tsohuwar, bai kuwa binciki ko ɗaya daga cikinsu ba. Yaron kuma yana kwance da zazzaɓin sauro, ana ta neman mayya ba a kai shi asibiti ba.

Haka nan maganin da yake kashe komai. Mun ji shi a bakin mutanen kirki bayan kowane hari: a gama da su duka, kabilarsu duka, duk wanda aka gani da sanda da saniya. Baƙin ciki ne yake magana, mun kuwa san zafinsa. Mai laifi ya cancanci hukunci, jama'a kuma suna da hakkin a tsare su. Amma makiyayin da ya yi shekara talatin yana kawo wa iyayenmu nono, wanda shi ma an kore masa shanu an kashe masa ɗa, in aka haɗa shi da ɗan bindiga a feshi guda, an yi abin da muka yi wa kabewa, sai dai wannan karon jinin mutum ne, alhakinsa kuma ba ya wankuwa da damina ɗaya. Ba mu ce kallon tsuntsaye zai kawo zaman lafiya a ƙasar Zuru ba. Abin da muka ce shi ne dubawa kafin hukunci hali ne, hali kuwa a kan ƙananan abubuwa ake koyonsa tun ana yara, a inda kuskure bai wuce asarar kabewa ba.

Dubawar nan aiki ce, tana cin lokaci. Wani firist mai suna Gregor Mendel ya yi shekara takwas, daga 1856 zuwa 1863, yana shuka wani irin wake a lambun gidan sufaye a birnin Brno na ƙasar Cek ta yau, yana ƙirga wanda ya yi tsawo da wanda ya gajarta, mai santsi da mai yamutsi, tsiro dubbai. Ya buga sakamakon a 1866, ba wanda ya kula har ya mutu, sai a 1900 masana suka gane ya gano ƙa'idar yadda 'ya'ya suke gadon kamannin iyaye. Ingantaccen irin masara da wake da malaman gona suke kawo mana yana da tushe a wannan ɗan lambu. Ba mu sa ran wani Mendel daga Danko ba, ko da yake ba mu ga abin da zai hana ba. Abin da muke roƙo ƙarami ne. Iyali su sami tsohon littafin rubutu, a ba yaro guda aikin rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, da ranar ruwan farko, da ranar da ɗorawa ta yi fure. Bayan shekara biyar wannan littafi zai faɗa muku ko damina tana sauya lokaci a garinku, abin da dattawa suke ta faɗa da baki. A zaunar da kaka ta faɗi sunayen tsuntsaye da ciyayi da C'lela ko Fakkanci ko Hausa, a rubuta tun tana da rai. Wanda feshi ya zame masa dole ya yi da yamma bayan furanni sun rufe, ya tsaya a awon da aka rubuta, ya rufe hanci da baki, kada kuma ya wanke famfon a rafi. Mu dai tun daga waccan shekara toka muke barbaɗa wa ganyen kabewa, muna tsince ƙwarin da hannu da sassafe lokacin da sanyi ya hana su tashi. Ganyen yana da huji, kabewa kuwa tana ƙulluwa.

Saura jangwadan bakin randa. Mun kai ƙararsa wurin tsohon katikis ɗin nan, muka karanto masa karin maganar, muka ce ga shi magabata ma sun rasa yadda za su yi da shi. Ya yi shiru, ya shiga madafa ya ɗauko faifai ya rufe bakin randar ya ɗora dutse. Sa'an nan ya samo wani tsohon kasko mai ɓalallen baki, ya ajiye a ƙasa a inuwar mangwaro, ya zuba ruwa rabin moɗa, ya jefa tsakuwa uku a ciki don ƙudan zuma su sami wurin tsayawa. Ya ce, "Fada, a riƙa zubarwa ana sakewa duk bayan kwana biyu, kada sauro ya yi ƙwai a ciki." Muka ce, "To, Baba." Kwana uku jangwadan yana hawa kan faifan yana leƙe, a na huɗu muka same shi a bakin kaskon. Kafin mako ya zagayo kurciyoyi biyu sun gano wurin, da wani ɗan tsuntsu ja wanda har yanzu muke neman mai faɗa mana sunansa.